Kumfar Dare

Ƙarfe goma na dare nake karɓar aiki,
sa'ad da mai shayin bakin luzin ke kife kofuna.
Hambali ya miƙo mini safar hannu, ya ce,
"Lallaɓa ta, yau da fushi ta tashi,"
ya hau babur ya nufi Bagalam.

Cikin buhuna ƙwayar roba ke iso mana,
fara tas, kamar shinkafar da ba ta san fadama ba.
Ranar farko na tauna guda:
ba gishiri, ba garɗi.
Nakan juye ta a bakin mazurari,
ƙarfe ya murɗa ta cikin zafi har ta manta siffarta,
sai iska ta shiga ta ƙasa,
kumfa ta miƙe tsaye,
ta wuce tsayin rumbu, ta doshi rufin kwano,
tana ɗan karkarwa kamar mai rai.

Ba a yi mata tsawa.
Ba a banko ƙofa kusa da ita.
Kaurinta bai kai silin gashi ba.
Shef Ma'azu da ƙarfen awo yake gwadawa,
ni da yatsu biyu nake ji,
yadda Inna ke taɓa ƙullu ta ce ya yi.

Biyu da kwata aka ɗauke wuta.
Kumfa ta durƙusa,
ta zamo a hankali kamar riga daga igiyar shanya.
Muka tsaya cikin duhu da ƙauri a hanci,
aikin awa huɗu ya koma dunƙule.
Wani ya ja tsaki. Wani ya nemo tocila.
Aka sake daga bismilla.

Da asuba naɗi ashirin sun hau kamyo.
Inda za su, ban cika tambaya ba,
amma nakan gamu da su a gari:
ga su sun rungumi ruwan sanyi a kan yarinya a tasha,
ga su sun tsare kilishi daga yashin hanyar Agadas.
Irin geron da ƙanena ya shuka bana
cikin aikin hannuna ya kwana, ƙwaro bai taɓa shi ba.
Nakan yi murmushi, ban gaya wa kowa dalili.

Sai ran Lahadi, a Jiratawa.
Jar akuyar Inna Tsahara,
wadda ta ba ta tagwaye sau uku,
ta juya wa harawa baya.
Ciki tim, haƙarƙari a waje.
Aka ba ta kanwa, aka ba ta jiƙo, shiru.
Kafin ta tafi a banza aka kira Ɗan Ladi mahauci.

Da ya farke tumbi sai ya ce, "To fa."
Ya zaro curi, ya kai kan jinjiri,
baƙi da fari sun sarƙe, sun yi tauri.
Ya warware ɗaya a ruwan kwano,
ya ɗaga ta ga rana.
Layi biyu shuɗi a gefe.
Ni ke daidaita layin nan kowane dare.

Inna ta san inda nake aiki.
Ta san daga ina kuɗin maganin ƙafarta ke fitowa.
Ba ta ce uffan ba.
Ta raba nama gida-gida,
ta zaɓo mini hanta da ɗan ƙashin miya,
ta duba hagu, ta duba dama,
ta ƙulle mini su cikin leda.

Na rataya ƙullin a kan babur,
yana bugun gwiwata har gadar gulbi.
Itatuwan ƙaya na bakin hanya
duk sun yi furen da ba ya bushewa.

Ƙarfe goma na dare.
Hambali ya ce, "Yau lafiya lau take."
Na yanke bakin buhu.
Na daɗe da wuƙar a hannu
kafin in juye.